Shekara guda ina bin tsuntsaye daga Magarya zuwa Dungas, ungulu ce ta fi ba ni wahala

 Yau ba farashin tiyar hatsi na kawo maku ba, ba kuma maganar hanya ko taki ba. Maganar tsuntsaye ce. Na san wani zai ce, "Yo mu da ke fama da cefane, ina ruwanmu da tsuntsu?" Ka dai yi haƙuri ka karanta, akwai inda za mu haɗu.

Tun farkon shekarar nan mutane da yawa sun sha ganina bisa moto da sassafe, da madubin hangen nesa rataye a wuya, wanda muke ce ma jumel, da ɗan kaye a aljihu. Wasu sun ce furoje ne ke biyana. Wasu sun ce zinariya nake nema. Wata dattijuwa a wajen Bande ma tambayata ta yi ko sana ne ya ɓata. Babu ko ɗaya. Lissafi nake yi. Mu ƴan ƙalilan ne, yatsun hannu biyu sun ishe ka ƙirga mu: akwai mushen lakwal, akwai wani dattijo da ya yi aikin gandun daji ya huta, akwai ɗalibai, sai ni. Mun yi alkawari tsakaninmu cewa daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba kowa zai rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani da idonsa ko ya ji kukansa da kunnensa. Iri ake ƙirgawa, ba yawa ba: ko kurciya dubu ka gani, in iri ɗaya ce, layi ɗaya ne. Na keji ba ya shiga, na kasuwa ba ya shiga, mushe ba ya shiga. Iyakarmu kuwa gundumar Magarya da ta Dungas, tunda kafin 2011 ai ƙasa guda ce, rabon takarda ne ya raba mu.

Wannan wasa ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A Turai da Amurka an daɗe ana yi, har da gasa. A 2016 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Arjan Dwarshuis ya zagaya duniya ya ga iri 6,852 cikin shekara guda, daga cikin wajen iri 11,000 da ke duniya. Shi da jirgin sama ya yi nashi. Mu kuwa da litar esansi ta bumburutu da rairayin hanyar Guci. A Nijar gaba ɗaya an rubuta iri fiye da 500, to mu in muka samu kaso mai kyau daga ciki a nan ɗan yankinmu, mun gode Allah.

Masu cewa aikin nasara ne ko aikin marar abin yi, nakan tuna masu da ƙissar Annabi Sulaimanu, alaihis salam, a Suratun Namli: ya duba rundunar tsuntsaye, ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambayi inda yake. Ke nan akwai wanda ya san waɗanda ya kamata su kasance, har ya gane wanda babu. Abin da muke yi ke nan, kiran suna, kamar yadda mushe ke yi a aji da safe.

Farkon abin daɗi gare shi, don na farko kyauta suke zuwa. Ranar farko ko ƙofar gida ban fita ba na cika rabin shafi: kurciya, hasbiya bisa rufin kwano, hankaka, shirwa tana shawagi kan juji, belbela ci-da-motsin-wani tana bin shanu, cilakowa, tsattsewa. Da na leƙa bayan gari sai ga tsanwaka bisa wayar lantarki da shuɗin nan nata mai ɗaukar ido, ga tsirya suna hayaniya a kan tsamiya, ga alhudahuda kansa yana caccakar ƙasa. Sati biyu ka wuce hamsin ba ka yi gumi ba. Daga nan ne lissafi ke fara tsayawa, kowane sabon layi sai ka biya shi da mai, da barci, da ƙaya a ƙafa.

Lokacin ɗari shi ne kakar mai bin tsuntsu a ƙasarmu, don a lokacin baƙi ke nan. Duk wanda ya san kwarin Ƙorama, ya san tabkunan wajen Waca da Guci da fadamun rake na Bande, ya san yadda ruwa ke kwanciya bayan damina. Can za ka tarar da na gida, kirinjijiya da fitonta, dinya, zalɓe tsaye kamar mai jiran bashi, jinjimi, zakaran ƙeƙuwa mai tona asirin duk wanda ya matso. A cikinsu kuma akwai waɗanda suka ƙetaro hamada daga Turai da Rasha. Matsalar ita ce mu duka "agwagwar ruwa" muke ce masu. Sai da na zauna da littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, fassarar Faransanci, sannan idona ya fara rarrabewa. Akwai wata ƴar ƙarama da Faransawa ke kira sarcelle d'été, namijin yana da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya kamar an ja mashi alli. Wannan a Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, ta zo ta yi sanyi wajenmu, wajen Maris ta koma. Haka wani shaho siriri mai ruwan toka da baƙin bakin fiffike, da ke yawo ƙasa-ƙasa bisa gonaki bayan girbi yana tangaɗi kamar iska za ta kada shi. Shi ma baƙo ne daga Turai, kuma abin da ya fi ci a nan fara ce. Manomi bai san yana da ɗan ƙwadago na kyauta ba.

Amma inda na fi daɗewa, inda kuma na fi samun sabbin layuka, ba bakin ruwa ba ne. Gindin gawo ne. Bari in ɗan tsaya a nan, don abin ya shafe mu kai tsaye.

Kowa ya san halin gawo: da damina, sa'ad da kowane icce ke ganye, shi yakan kaɗe nashi ya tsaya tsirara, hatsi ya samu rana a ƙarƙashinsa. Da rani kuma, sa'ad da duniya ta bushe, shi ke yin kore, ya yi fure, ya zubo ƴaƴa dabbobi su ci. To daidai wannan lokacin ne ƙananan tsuntsayen Turai ke isowa a gajiye, bayan sun ƙetare hamada wajen kilomita 2,000. Wani cikinsu nauyinsa bai kai giram 10 ba, kamar ƙwayar sukari biyu. Ganyen gawo da furensa cike suke da ƴan ƙwari da tsutsa, nan ne abincinsu. Wasu masu bincike ƴan Holan, ƙarƙashin wani Leo Zwarts, sun yi shekaru suna bin itatuwan Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsun da ke kai, daga Senegal har gabashin Afirka. Abin da suka gano shi ne baƙin nan itatuwa masu ƙaya suke so, irin su gawo da aduwa da dangin ƙaya, bedi da turare kuwa kusan ba su sauka a kansu. Na gwada da kaina. Ka zauna awa guda gindin bedin tsakar gari, kurciya za ka gani da kashinta a hularka. Ka koma gindin gawo guda a gona, kafin shayi ya nuna ka ga iri huɗu ko biyar suna tsalle cikin rassa, sai wuyanka ya yi ciwo.

Gawon nan kuwa ba gwamnati ta dasa shi ba, ba furoje ba. Iyayenmu ne suka bar shi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Magarya da Matamai da Mirya suka koma barin tsiron da ya fito da kansa a gona, suna sassabe shi suna reno, abin da ake kira sassaben zamani. A 2006 masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij sun rubuta cewa a wannan yanki namu kaɗai abin ya kai wajen hekta miliyan 1. Ana zuwa daga ƙasashen waje kallon wannan aiki. Baba da ya bar gawo a gonarsa don taki da abincin awaki ya yi, amma ga shi ya zama mai masaukin baƙin da bai taɓa jin sunan ƙasarsu ba. Duk sa'ad da na ga an sassare gawo an bar shi kamar gungume don a ba dabbobi ganye a bazara, nakan fahimci matsin da ya sa, amma raina yakan ɓaci.

To, ya ake samun labarin tsuntsun da ba a saba gani ba? Ba intanet ke ba mu ba. Makiyaya ne, da masunta, da masu lambu, da yara ƴan harbi da danƙo, waɗanda wallahi sun fi mu ido. Na rarraba lambata a ruga da bakin tabki, na ce duk wanda ya ga baƙon tsuntsu ya yi mini bip, ni zan kira. Kuma duk garin da na shiga sai na fara zuwa gaida mai gari, in ruga ce in nemi ardo, in nuna masu littafin da hotunan. A wannan zamani mutum da jumel kusa da iyaka, in bai gabatar da kansa ba, shi ya ja ma kansa tambaya.

Ana yi mini ungulu da kan zabo, ba sau ɗaya ba. An taɓa kirana daga wajen Dogo-Dogo cewa ga wani ƙaton tsuntsu da ba a taɓa gani ba, na bar abin da nake na kama hanya cikin rana, na tarar talotalon wani Alhaji ne ya ɓalle. Yaron da ya kira ni bai yi ƙarya ba, shi dai bai taɓa gani ba. Na ba shi na goro muka yi dariya. Wani manomi kuma da kaka, da ya ji abin da nake yi, ya ce, "Malam, in tsuntsu kake so zo gonata, ga jan-baki nan sun fi dubu, ka ƙirga su ka kwashe abinka." Gaskiyarsa. Wanda jan-baki ya sauka ma a gero ba ka zo mashi da zancen ƙaunar tsuntsu ba. Amma wata rana kiran yakan yi kyau. Wani Bafulatani ne ya nuna mini farar shamuwar Turai, mai jan baki da jan ƙafa, su uku suna kiwon fara a wata fadama cikin sanyi. Wani mai lambu ya kai ni inda yautai ke kwana da damina, irin wanda namijin ke da dogon gashi guda a kowane fiffike da tuta a ƙarshensa, in ya tashi da magariba sai ka rantse ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin shi. Ya nuna mini daga nesa ya juya baya, ya ce shi ba ya kallon yautai.

Iyaka ma takan yi mana mugunta. Ran wata Alhamis na bi ƴan kasuwa ta Adare zuwa Maigatari, ina tsaye a kasuwar dabbobi na hangi babba-da-jaka yana shawagi can sama. A Nijeriya nake, a Jigawa, don haka ba ya shiga kaye. Na yi ta addu'a iska ta kwaso shi arewa, ya ƙi. Haka tabkin Gidimuni, ga tsuntsaye kamar me, amma ba ƙasarmu ba ce a wannan lissafi. Doka doka ce, mu muka sa ma kanmu.

Shamuwa kuwa ba a bin ta, ita ke zuwa. Amma muna gasar wa zai fara ganinta, kuma muna rubuta ranar, don manoma ma da ita suke duba kusantowar ruwa. Da yawa suna zaton in ta tafi da kaka nan kusa take zuwa. Ina! Masu bincike daga Danmak sun ɗaura ma wasu shamuwoyi na'ura a nan Nijar a farkon shekarun 2000, suka bi su ta tauraron ɗan'adam har Tanzaniya. Damina take bi, in tamu ta ƙare ta tafi ta kudancin Afirka. Bayanta sai sauran ƴan damina su sa kayan sallarsu: mulufi ya yi ja wur cikin gero, zalaidu ya saki dogon wutsiya, kabare su cika icce da saƙa da surutu, ragon maza ya riƙa kuka cikin ciyawa. Kafin ƙarshen damina kayena ya haura iri 100 da ɗoriya mai kyau.

Yanzu ga inda na ce za mu haɗu. Da na fara wannan abu, na shirya ma baƙi ne, na Turai da na nesa, su nake zaton za su yi wuya. A shafin farko na kayen kuwa na jera sunayen da kowane Bahaushe ya sani tun yana goye, na bar gurbi a gabansu don in sa rana da wuri, ina cewa waɗannan sati guda ya ishe su. Ungulu. Gauraka. Burtu. Tuje. Maiki. Carki. Sai ga shi na samu tsuntsun Rasha, na samu na Faransa, gurbin ungulu yana nan fari fat.

Ku tambayi kanku, tsakani da Allah: yaushe rabonku da ganin ungulu? Ba a hoto ba, ba a karin magana ba. Mu da muka tashi muna ganinta a mahauta tana jiran a watsar da hanji, a bayan kasuwa, a kan kukar bakin gari jere kamar ƴan majalisa, har mahauta na korarta da ƙafa. Na zagaya mahautar garuruwa da yawa ranar kasuwa, na tarar da karnuka, da hankaki, da shirwa, da ƙudaje. Na tambayi wani sarkin fawa, ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce shi dai tun yaransa na ƙanana, ga su yanzu da nasu ƴaƴan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bai lura ta tafi ba sai da na tambaya. Ɗalibin da ke cikinmu kuwa, mai shekara ashirin da wani abu, bai taɓa ganin ungulu da rai ba. Ya san "ungulu ba ki jewar banza", bai san mai jewar ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke neman ƙarewa, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta gari da maiki a matakin ƙarshe kafin a ce sun ƙare a daji. Dalilan sanannu ne. Akwai guba da ake sa ma mushe don kashe kura ko dila ko karnuka, ungulu ta zo ta ci su mutu da yawa a wuri guda. Akwai sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Sannan akwai wanda ba mu son faɗa da ƙarfi: cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu, wai na sa'a, na kasuwa, na neman mulki. Bincike ya nuna kasuwannin Nijeriya da Benin ne suka fi shanye wannan haja a Afirka ta Yamma, kuma da ta yi ƙaranci can sai masu nema suka riƙa ƙetarowa. A 2020 a Gine Bisau an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba, da yawa an same su ba kai. A nan jiharmu ta Damagaram ma an yi wata da ta karaɗe duniya. Wata farar ungulu da masu bincike suka sa ma na'ura a ƙasar Girka a 2013, suka raɗa mata suna Paschalis, ta ƙetare teku da hamada lafiya ta iso Nijar, a farkon 2014 wani mafarauci ya kashe ta don ya kai kasuwa a Nijeriya. Amma kar mu ɗora ma maƙwabta laifin duka. Baƙo bai san inda sheƙa take ba, ɗan gari ke nunawa.

Ita kuwa ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ba kaza ba ce. In ka ɗauke uwa ɗaya daga sheƙa, ka kashe na bana, ka kashe na shekaru masu zuwa.

Wani zai ce to sai me, ƙazamin tsuntsu ne. A tambayi Indiya. A shekarun 1990 ungulayensu suka ƙare kusan kaf saboda wani maganin ciwon jiki da ake yi ma shanu, diclofenac, wanda in ungulu ta ci mushen dabbar da aka yi ma shi ƙodarta ke lalacewa. Sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Kafin nan mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓata. Wasu masana tattalin arziki sun fitar da bincike a 2024 da ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Mu da ke ƙasar kiwo, da jaki ko saniya kan faɗi a bakin gari ta kwana bakwai tana wari yara na wasa kusa, wannan ba labarin nesa ba ne.

Na samu ungulu daga ƙarshe, wajen fitar sanyi. Wani makiyayi ne ya kira ni, ya ce, "Malam, abin nan da kake tambaya, akwai biyu a wani icce inda muke shayarwa." Na kwana a hanya. Da hantsi muka isa, ya tsaya nesa ya nuna mini da sanda. Ga ta nan, ɗaya bisa sheƙa a can ƙololuwar icce, ɗaya a reshe tana shan rana, da siririn bakin nan da jan fuska. Na daɗe ina kallo ta jumel hannuna na rawa. Tsuntsun da muke jifa muna yara. Na miƙa ma makiyayin madubin ya duba, ya yi dariya ya ce ashe tana da gashin ido.

Na ɗauki hoto, na yanke shi yadda ba a ganin komai sai tsuntsun da reshe, na sa a zaurenmu na WhatsApp ban faɗi wuri ba. Hoto kuwa kun san shi, ƙafa gare shi. Kwana biyu sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Gaisuwa mai kyau, "ranka ya daɗe" har sau uku, wai shi ma mai sha'awar tsuntsaye ne, a wane gari ne? Na ce a ƙasar Allah. Ya ce zai sa mini kuɗin mai. Na ce na gode. Sai ya fito fili ya faɗi abin da zai bayar in na kai shi gindin iccen, kuɗin da ya fi abin da wani ke samu a wata. Na kashe salula. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makiyayin nan ma yana da salula, yana da iyali, kuma bazara na tafe.

Wannan ya jawo gardama a tsakaninmu, har yau ba ta mutu ba. Wasu abokan lissafin suka ce ba adalci: in na ɓoye wurin, su ya za su samu nasu layin, kuma wa zai tabbatar ba tsohon hoto na ɗauko ba? Dattijon gandun daji ya ce a sanar da hukuma, tunda akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, a sa ido a wurin. Ni kuma na ce ido nawa ne zai kwana gindin icce a daji har ɗan ya tashi? Ra'ayina, kuma a kansa nake: sheƙar ungulu, da wurin kwanan gauraka, da inda aka ga tuje, ba a rubuta su a zaure, ba a faɗin su a majalisar shayi. Wanda ke son gani cikinmu in ɗauke shi bisa motona mu je, ya bar salularsa a aljihu, kuma sau ɗaya. Ko eBird, babban rumbun intanet da jami'ar Cornell ta Amurka ke riƙe da shi, inda masu kallon tsuntsaye na duniya ke zuba lissafinsu, yakan ɓoye wurin da aka ga irin tsuntsayen da ake farauta don sayarwa. In lissafina ya ragu da daraja a idon wani saboda haka, ya ragu. Biyu daga cikinsu na kai su sun gani. Na koma sau ɗaya kafin ruwa ya sauka, na hangi ɗan ya yi gashi yana miƙa fiffike a bakin sheƙa.

Gauraka kuwa har yau tana wasa da ni. Bayan damina aka kira ni cewa biyu sun sauka a wani tabki a ƙasar Dungas. Ruwa ya ɓata hanya, moto ya kafe sau biyu, na isa bayan azahar. Mai gonar da ke kusa ya ce, "Ai da ka zo da hantsi." Ya nuna mini sawunsu a taɓo, manya, yatsu uku. Sawu ba ya shiga kaye. Akwai wata kuma da na sani a wani babban gida, an yanke mata fiffike tana zagaya tsakar gida da tukkunta na zinariya, ana nuna ma baƙi. Ita ma ba ta shiga. Tsuntsun da Nijeriya ta ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa ke nan, amma can ma da kyar ake ganinta a daji, kamun da ake yi mata don ado a gidajen manya na cikin abin da ya cinye ta. Burtu kuma, abin da na samu kawai shi ne kansa, a wurin wani tsohon maharbi, irin wanda suke ɗaurawa a goshi su sunkuya su yi tafiyar burtu don su matsa kusa da nama. Ya ce kan ya girmi ɗansa na fari, kuma in wannan ya lalace bai san inda zai samo wani ba. Carki na gan shi sau ɗaya, guda biyu bisa bayan wani raƙumi. Tuje da maiki, shiru.

Saura wata ɗaya da ƴan kwanaki shekara ta ƙare, baƙin sanyi sun fara dawowa, gawo ya fara ganye. A lissafin gasa mushen lakwal ne ke gabana da iri uku, kuma ya san na sani.

Ga roƙona gare ku. Na farko, ku da ke da tsofaffi a gida, ku tambaye su yaushe suka ga ungulu, gauraka, burtu ko tuje na ƙarshe, kuma a ina. Ba sai sun san shekara ba, su ce zamanin Kunce ne, ko shekarar El-Buhari, ko zamanin Tanja, mu za mu lissafa. Mun buɗe ma wannan shafi dabam a bayan kaye, kuma ya fara fin na gaban tsawo. Na biyu, wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, kar ya ji tsoro, ba asiri ba ne, ba leƙen asiri ba ne, masu bincike ne ke sawa tun 1899 da aka fara a Danmak don a san inda tsuntsu ke zuwa. Ya ɗauki hoton rubutun da ke jiki ya turo. Na uku, wanda ya ga ɗaya daga cikin huɗun nan da rai a ƙasar Magarya ko Dungas, don Allah kar ya rubuta sunan garin a fili. Ya turo mini a ɓoye, ko ya bar saƙo wurin masu kula da shafin nan, ni zan neme shi.

Ran Asabar in Allah ya kai mu, in an samu mai, ina son in bi ta Guci in gangara Malawa. Wanda ya san tabkin da bai ƙafe ba a wannan tsakanin ya sanar da ni kafin Juma'a.